Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Daren da Kaka Ta Ƙi Cin Abinci

Makon jiya na tsaya a inda na samu ɗaki a gidan wata tsohuwa a Kawasaki, dab da Tokyo, lokacin da nake kwas ɗin gyaran injina. 'Yan haya Obaasan suke ce mata, wato Kaka, ni ma na bi sahu.

A falonta akwai hoton wani mutum mai fara'a, har idanunsa sun kusa rufewa don murmushi. Na daɗe ina zaton ɗanta ne, kunya ta hana ni tambaya. Ashe Kyu Sakamoto ne, mawaƙi, ɗan fim, kuma mai gabatar da shirye-shirye a talabijin, haifaffen garin a 1941. Kaka ta ce shi ne auta cikin 'ya'ya tara na mahaifinsa, kuma "Kyu" tara yake nufi da Japananci. Yadda take ba da labarinsa sai ka rantse ita ta yi goyonsa.

Ranar da ta sa mini faifansa na miƙe zumbur. Na san wannan sautin! Tun ina yaro nake jin sa a rediyon yayana, ban taɓa sanin mai shi ba. Waƙar ta fito a 1961, ta kai Amurka, ta yi mako uku tana kan gaba a jerin waƙoƙin da suka fi fice na mujallar Billboard cikin Yunin 1963. Turawa da suka kasa furta sunanta sai suka laƙaba mata "Sukiyaki", sunan wani dafaffen naman sa. Wannan abu na ƙona wa Kaka rai, ni ma daga baya na ga gaskiyarta: waƙar mutumin da ke tafiya yana ɗaga kai sama don kada hawayensa su zubo, ina ruwanta da tukunya?

Ran 12 ga Agusta 1985, lokacin hutun Obon da kowa ke komawa garinsu, muna shirin cin abincin dare aka katse shiri a talabijin. Jirgin saman da ya tashi daga filin jirgin Haneda na Tokyo zuwa Osaka ya ɓace. Mutum 524 ne a ciki. Dare ya raba ana ta karanto sunayen fasinjoji, ni ban fahimci ko rabi ba, fuskarta kawai nake kallo. Can sai ta ajiye tsinken cin abinci, ta tashi ta sauko da hoton.

"Kaka, lafiya?"

Ba ta amsa ba.

Jirgin ya faɗi a duwatsun Gunma, mutum huɗu kacal suka tsira. Sakamoto na cikin waɗanda suka rasu, shekarunsa 43.

Washegari na rasa yadda ake ta'aziyya a al'adarsu. Na durƙusa a bakin ƙofar falo kamar yadda muke yi a gida, na ce da Hausa, "Ya haƙuri, Kaka?" Ta dube ni, ta sunkuyar da kai, ta tura mini shinkafar jiya da ba wanda ya taɓa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗi yadda jarrabawar ƙarshe ta kaya.