Rahoton da aka yanke wa rabi

Tun da na ajiye aikin gwajin ruwa a Marwa, a arewacin Kamaru, abokai ke kirana suna tambaya ko maganar majema ce ta fitar da ni. Ita ce, ba sai an yi ta kewaye-kewaye ba.

Kun san yadda Shef, shugaban ofishinmu, ya kawo aikin: 'yan unguwa sun kai kuka kan wari, a je a gwada ruwan mayo, wato kogin garin, a rubuta cewa majema ne suka ɓata shi. Hukunci ya riga gwaji isowa. Na ɗebi ruwa a ƙasan majemar, na kuma haura sama da ita, har da rijiyoyin da mata ke tonawa a cikin yashi da rani. Ruwan tun kafin ya iso wurin masu jima ya riga ya lalace. Wasu rijiyoyin can sama sinadarin naitiret ɗinsu, mai fitowa daga taki da kashi, ya wuce miligiram 50 a lita, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ruwan sha. Bagaruwa da tokar majemi ba sa hawa tudu.

Daga ina? Daga ko'ina. Takin zamani da maganin ciyawa na gonakin auduga da lambunan albasa na wajen Meskin, a gefen Marwa. Salgar da aka haƙa dab da rijiya. Baƙin man da makanikan babura ke tuttulawa a kwata, zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bumburutu, da ke ɗiga a gindin teburin mai sayarwa, kashin shanu, mataccen batir a juji. Watanni bakwai ko takwas ba ruwan sama, duk wannan na kwance; ruwan farko na faɗuwa sai ya kwashe su gaba ɗaya ya zuba a Mayo Kaliyawo da Mayo Tsanaga, a gangara da su wajen tafkin Maga, inda muke sayo kifi.

Haka na rubuta. Shef ya karanta, ya ɗago ya ce, "Malam, wa zan kai wa takardar tara? Marwa duka?" Gaskiya tambayar tana da nauyi. Dokar muhalli ta Kamaru ta 1996 ta ce wanda ya gurɓata shi zai biya, amma wannan sai in akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Ƙazantar da kowa ya zuba cokali guda ba ta da mai ita. Abin da ban yafe ba shi ne abin da ya biyo baya: ya cire shafukan sama da majema, ya bar sunana a ƙasa, aka ci tarar tsofaffin da jarinsu bai wuce 'yan fatu ba. Ɗayansu ya tare ni a kasuwa ya ce, "Ɗana, kai ne ka rubuta?" Daga nan aka daina fita da ni, aka zaunar da ni kan lissafin man mota.

Sauran darussan gajeru ne. A ɗebi ruwa ranar ruwan farko, ba tsakiyar Agusta da komai ya wanke ba. A saurari masu tonon yashi, sun fi mu sanin inda ruwa ya sauya ɗanɗano. An hana siririyar leda a Kamaru tun 2014, amma ku leƙa ƙarƙashin kowace gada.

Wanda ya gaje ni, ka ɗauki hoton kowane shafi na littafin awo kafin ka miƙa shi sama. Nawa hotunan suna nan a wayata, in ka buƙata.