Amfilifayar wat 100 da na bari aka sayar wa ƙanena

Asabar ɗin da ta wuce na miƙa makullin shago, bayan shekara bakwai ina gyaran amfilifaya da ba da hayar kayan sauti a Akara. Waɗanda muka yi aiki tare sun san shagon, sun kuma san Masta, mai shagon, ba sai na kama suna ba. Akwai maganar da na daɗe ina riƙe da ita a ciki, yau zan sauke ta, ko mai niyyar sayen amfilifaya mai kwalba, wato irin wadda ƴan kwalaben gilashi da ke cikinta ke ƙara ƙarfin sauti, ya amfana.

Wani yaro ne ɗan unguwarmu a Nima, makaɗin jita, a gabana ya girma. Sa'o'insa duk hailaif suke bi, shi kuwa kiɗan rok mai zafi na shekarun 1970 ne ya shiga ransa, irin gurnanin jitar Angus Young da Jimmy Page. Shekara biyu yana zubin adashi. Ranar da ya ɗauka, wurina ya nufo, kuɗin na cikin leda a aljihun gaba. Ya ce, "Yaya, kai ka san kayan nan, ka zaɓa mini."

A lokacin akwai wani kai, wato amfilifaya ita kaɗai ba tare da akwatin lasifika ba, mai wat 100 a kantar sama, wanda aka haɗa a kan tsarin Super Lead ta kamfanin Marshall, wadda ake kira Plexi. Ya fi shekara yana shan ƙura, ba mai taya shi. Masta ya dube ni, ya dubi kantar. Na gane.

Na san sarai amfilifayar nan ba ta yaron ba ce. Gurnanin da yake nema ba ya fitowa sai an matsa wa kwalabe, an tura su gaba da inda suke iya fitar da sauti tas. Super Lead ta fito ne a 1965, zamanin da lasifikokin manyan zaure ba su da ƙarfi, dole amfilifayar jita ta cika wurin da kanta. Ba ta da maɓallin rage ƙara na ƙarshe. Kafin kwalabenta huɗu na EL34 su fara kaushi, sai ka murɗa ta har tagogi sun kama rawa. Shi kuwa yaron a ƙananan wuraren shaƙatawa na Osu yake wasa, inda mutum sittin suke cika ɗaki. Marshall da kanta ta ga wannan matsala, a 1975 ta ƙara maɓallin da ke ba ka damar matsa wa ƙananan kwalaben ECC83 su yi gurnani, sannan ka rage ƙarar da ke fita. A kan wannan tsari amfilifayarta JCM800 ta 1981 ta zo. Na kuma san tazarar wat 50 da wat 100 desibel 3 ne kacal a ma'aunin ƙara, kunne da ƙyar yake rarrabewa. Kuma a ƙasan kantar nan akwai wata ƙarama mai wat 20, da kwalaben EL84 guda biyu, mai rabin kuɗin, wadda in an kafa mata makirfo za ta ishe shi ko'ina.

Duk wannan yana kaina, na yi gum. Har ni na taya shi ɗora mai wat 100 ɗin a tasi.

Bayan mako biyu ya dawo da ita, fuska ba walwala. Ya ce, "Yaya, ba ta gurnani. In na rage, sautin kamar na coci. In na ƙara, mai wuri ya zo ya ce in sassauta ko in tattara kayana." Masta ya ce kayan da ya fita shago ba ya dawowa, sai dai in da matsala a ciki, in duba. Na san ba abin da ya same ta. Kunya ta rufe ni, raina kuma a ɓace, ga shi an wuni ba wuta, dawowarta ke nan, aiki ya taru. Na ɗora kan a tebur, na jona jita, na bar kwalabe suka yi ɗumi, na buga. Shiru. Maimakon in tsaya, sai na murɗa ƙara na sake bugawa da ƙarfi, sau biyu, sau uku. Sai wani wari ya taso, warin fentin waya da ya ƙone, wanda duk mai wannan sana'a ya sani. Na leƙa baya. Wayar lasifika tana kwance a ƙasa, ban jona ta ba.

Amfilifaya mai kwalba ba a tura mata sauti ba tare da lasifika ba. Taransifomar da ke miƙa sauti tana buƙatar inda za ta sauke ƙarfinta. In babu, wutar takan yi tsalle ta komo cikin naɗin wayar, ta huda rufinta. Wannan shi ne karatun farko da ake yi wa yaron shago, ni kaina na koya wa yara uku. A hannuna ta ƙone.

Masta bai ko ɗaga murya ba. A gaban yaron da yaran shago ya ce, "To, ka gani. Yayanka ya ɓata maka kaya." Daga nan maganar mayar da kuɗi ta mutu. Aka yi odar taransifoma daga Ingila, aka riƙa cirewa a albashina wata huɗu. Wannan ban yi gardama ba, ɓarnata ce, na biya. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne yadda ya ɗauki kuskurena na minti ɗaya ya lulluɓe cinikin da shi ya ƙulla, ya fita fes. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sai dai kuma in zan faɗi gaskiya, ranar da na yi shiru a gaban kanta na fi cutar yaron nan, ba ranar da taransifoma ta ƙone ba. Bayan gyara yaron ya sayar da ita da asara. Kusan shekara guda in mun haɗu a hanyar masallaci sai dai ya ɗaga mini hannu ya wuce.

Tun daga lokacin, duk wanda ya zo neman irin wannan sauti, tambayata ta farko ita ce a ina zai yi wasa, mutum nawa. Ban damu da sunan da ke jikin akwatin ba sai na ji wannan amsa. Masta ya sha cewa ina korar masu saye. Wasu cinikin sun kuɓuce, gaskiya ne, amma ba wanda ya sake dawo mini da kaya yana cewa na yaudare shi.

Sauran abubuwan gajeru ne. Ka zo da jitarka, ka gwada a daidai ƙarar da za ka yi wasa da ita, ba a ƙarar shago ba. Kada ka zuba duk kuɗinka a kai ka manta akwatin lasifika, domin kaso mai yawa na wancan tsohon sauti daga lasifikar Celestion Greenback mai wat 25 yake fitowa. Om ɗin kai da na akwati, wato ma'aunin turjiyarsu ga wuta, su zo ɗaya, 4 ko 8 ko 16. Kayan da ɗan'uwa ya aiko daga Amurka, ka karanta bayansa kafin ka jona, can bolt 120 ne, mu nan 230. Ka tanadi kwalaben canji tun da wuri, ba kullum ake samunsu a Akara ba, kuma in an sauya manyan, a gwada saitinsu. Kada ka sa hannu a ciki don ka zare filogi, akwai sassan da ke riƙe fiye da bolt 400 bayan an kashe.

A watan jiya yaron ya yi sallama a ƙofar gidanmu, ɗauke da wata ƙarama mai wat 20 da ya saya a wani wuri, yana so a canza mata kwalabe. Ya ce, "Yaya, ban yarda kowa ya taɓa ta ba sai kai." Na duba wayar lasifika sau biyu kafin in kunna. Da na gama ya ɗauki jita ya buga a tsakar gida, ƙara a rabi, gurnanin nan ya fito, har yara suka leƙo ta kan katanga. Wata mai zuwa in Allah ya yarda zan buɗe teburina a unguwar Mamobi, ya ce shi zai taya ni kai kaya.