Daga Birnin Kebbi zuwa Sakkwato a kan VFR800 na hannu

Da asubar fari muka bar Sakkwato ni da bakanikena, domin mu riski babur ɗin da zan saya a Birnin Kebbi kafin mai shi ya tayar da injin. Wannan sharaɗi muka gindaya tun a waya: kada a kunna shi sai mun zo. Injin da ya kwana a sanyaye shi ke tona asirin kansa, wanda kuwa aka ɗumama kafin zuwan mai saye yakan ɓoye abubuwa da yawa.

Honda VFR800 ne ƙirar 2006, ɗan Kwatano, mai silinda huɗu da tankin lita 22. Bakaniken ya fara ɗora bayan hannunsa a kan salansa, ya ji ta da sanyi, sannan ya ce a tayar. Ya kasa kunne kusa da injin yana neman wani karaf-karaf da kan fito daga abin da ke ɗaure sarƙar cikin inji, ciwon da aka san wannan ƙirar da shi. Bai ji ba. Daga nan ya ɗora mita a kan batir: volt 12.6 a kashe, 14 da ɗoriya da aka ja wuta zuwa juyi 5,000 a minti ɗaya. Abin da ake so ke nan, tsakanin 13.5 da 14.5 in injin na aiki.

Tayoyin ne suka rage wa babur ɗin daraja. Zanensu bai cinye ba, amma lambar da ke gefe ta nuna 2317, wato mako na 23 na shekarar 2017. Robar da ta kai wannan shekaru ta bushe, ba ta kama kwalta yadda ya kamata. "Alhaji, wanga taya sai an sake ta," in ji bakaniken, kuma da wannan muka nemi ragi. Muka gwada lambar shasi da ke wuyan babur da ta takardar kwastam, harafi bayan harafi, aka rubuta takardar ciniki gaban shaidu biyu. Duk wanda ya tsallake wannan mataki, a shingen farko zai gane kurensa.

Kafin mu kama hanya mai faci ya sa iska 36 a gaba, 42 a baya, muka daidaita sarƙa ta riƙa lilo kamar santimita 3, muka cika tanki a gidan mai. Man bumburutu ba na irin wannan babur ba ne, domin datti kaɗan ya isa ya toshe injekta, wato abin da ke fesa mai cikin inji.

Zuwa Jega lafiya lau. Da allura ta haura juyi 6,600 sai ka ji muryar injin ta sauya, sauran bawul-bawul na injin, waɗanda ke rufe a ƙaramin juyi, sun buɗe, ya zabura gaba. A Aliero muka faɗa cikin motocin albasa, tafiya ta koma ta hawainiya, ga rana ta take. Lagireton VFR guda biyu ne, a gefe suke ba a gaba ba, don haka in babu gudu iska ba ta ratsa su sosai. Zafin injin ya haura digiri 100, fanka ta kama aiki, kamar yadda ya dace.

Dab da Tambuwal hasken allon mita ya fara dusashewa, sai kuma warin ƙonanniyar roba. Muka rakuɓe ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro, aka kwance murfin gefe. Soket ɗin da ke haɗa wayoyi uku masu ruwan ɗorawa daga kwayil, mai samar da wuta, zuwa rektifaya, mai daidaita ta don cajin batir, ya yi baƙi, gefe ɗaya ya narke. Dalilin a fili yake: bakin ƙarfen ya yi tsatsa ya saki, wuta na wucewa da ƙyar, sai wurin ya ɗau zafi. Awon da muka yi da safe bai nuna haka ba, saboda a lokacin komai a sanyaye yake. A ganina, a ƙasa mai zafi irin tamu, dole a auna caji sau biyu, na biyun bayan fanka ta kunna, a kuma zare wannan soket a duba shi da ido kafin kuɗi su bar hannu.

Bakaniken ya yanke soket ɗin, ya haɗa wayoyin kai-tsaye, ya naɗe kowace daban da salatif. Mita ta koma 13.8. Muka bi ta Shagari da Bodinga a hankali saboda tsofaffin tayoyin, muka shiga Sakkwato ana kiran la'asar. Washegari aka liƙe wayoyin da dalma, aka juye baƙin mai 10W-40 na babur da sabuwar filta, muka kuma aika Kano a nemo taya 120/70 ta gaba da 180/55 ta baya, masu inci 17.