Riƙon biro

Yau muna buga ƙwallon tebur wani yaro, bai fi shekara 14 ba, ya tsaya yana ta kallon hannuna, can ya ce "Kawu raket ɗin naka ya juye, kawo in gyara maka." Wallahi da zuciya ɗaya ya faɗa, shi bai taɓa ganin wanda ya riƙe raket kamar biro ba, kan raket ɗin yana kallon ƙasa, ɗan ali da babban yatsa sun zagaye mariƙin, sauran ukun a baya. Na yi dariya amma abin ya ɗan sosa min rai, da irin riƙon nan fa Ryu Seung-min na Koriya ta Kudu ya ci zinare a Olamfik ɗin Atina a 2004, da fuska ɗaya ta raket yake bugu, sauran aikin duk na ƙafa ne.

Da muka fara wasa da shi, sai yaron ya yi ta aiko min ƙwallo ta hagu, inda riƙon ba shi da ƙarfi, ina ta tarewa kawai, ga gwiwa ta ƙi ba ni haɗin kai. 11 da 6 ya cinye ni. Su Felix Lebrun na Faransa masu riƙon biro yanzu ma da bayan raket suke bugawa, ni kuwa bayan nawa ko roba babu, katako ne zalla da shatin yatsuna. Anya zan iya koyon wani riƙon yanzu kuwa.