Abin da fitilar Leko ta koya mini a kan tsani

Ranar da aka fara ba ni damar hawa tsani in saita fitilar Leko, wato fitilar haska dandamalin wasan kwaikwayo, maigidana yana tsaye a tsakiyar dandamali, ya ba ni baya yana kallon inuwarsa a ƙasa. Ya ce, "Yanke mini ƙasa, hasken yana zuba kan kujerun gaba." Na tura faifan ƙarfe na ƙasa da ke tare haske a cikin fitilar, sai ga duhu ya sauko ya rufe masa kai, ƙasan kuwa yana nan yadda yake. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, mayar da shi, ka kama na sama. Wannan fitilar a kife take ganin duniya."

Da muka tashi aiki ya kwance guda ɗaya a kan teburi ya nuna mini cikinta. A bayanta akwai madubi mai zurfi kamar ƙoƙo, mai siffar rabin ƙwai. Irin wannan siffa tana da cibiya biyu: idan aka zaunar da ƙwan fitilar a ta farko, duk hasken da ya bugi madubin zai taru a ta biyu. Dab da wannan matattara ne ƙofar take, inda faifan ƙarfe huɗu da muke kira shota suke shiga ta sama da ƙasa da dama da hagu. Gilashin da ke gaba shi ke ɗauko hoton ƙofar ya jefa shi kan dandamali, kuma a juye yake jefa shi. Shi ya sa na sama ke yanke ƙasa, na dama ke yanke hagu. Haka ma gobo, wato farantin ƙarfe da aka huda masa zanen taga ko ganyen bishiya, sai an zura shi kansa a ƙasa kafin ya fito daidai.

A Amurka ana ce mata Leko, daga sunayen Joseph Levy da Edward Kook na kamfanin Century Lighting da ke New York, waɗanda suka fito da tasu a 1933. Waɗanda muke da su a zaurenmu ƙirar Source Four ne na kamfanin ETC, wadda ta fito a 1992. Madubinta na gilashi ne mai wani shafi da ke tura haske gaba ya bar yawancin zafi ya fice ta baya, ƙwanta mai wat 575 kuma yana yin aikin da a da sai mai wat 1000.

Na ɗauki watanni ina zaton gwanintar mai fitila ita ce ya cika dandamali da haske. Abin da ya sauya mini tunani wani wasa ne da ɗalibai suka shirya, inda uwa take zaune kan tabarma a bakin ƙofa tana jiran ɗanta da bai dawo ba. Na haska wurin tas, har labule da ƙafar bangon katako da igiyar lantarki da ke kwance a gefe duk suna bayyane. Maigidana ya sa na kashe komai sai fitila ɗaya. Ya sa na shigo da shota na dama har gefen hasken ya zauna daidai kan dokin ƙofa, na hagu ya tsaya a bakin tabarma. Sannan ya ce in ja hancin fitilar, wato bututun gaba da ke riƙe da gilashin, kaɗan don gefen ya yi taushi, kada ya zama kamar an yanka da reza. Da na sauko na je kujerar baya na duba, sai na ga matar ita kaɗai ce a duniya. Ba ta ce uffan ba tukuna, amma kaɗaicinta ya riga ya iso inda nake zaune. Mun ɓata kusan minti arba'in a kan fitila ɗaya, kuma har yau ban ga asarar ko minti ɗaya a ciki ba.

Akwai lissafi a ciki, ba ido kaɗai ba. Hancin fitilar iri-iri ne gwargwadon yadda yake buɗe haske, akwai mai digiri 19, da 26, da 36, da 50. Daga nisan mita 10, mai 26 yana ba da da'ira mai faɗin kusan mita huɗu da rabi, mai 36 kuwa kusan shida da rabi. Wanda ya rataya mai faɗi inda ake son ƙarami zai yanke rabin haskensa da shota, ya ƙare da fitila mai zafi da haske kaɗan.

Wasu darussan da tsada na saye su. Mun taɓa samun fitilu na hannu daga Amurka, ban duba rubutun jikin ƙwayayen ba. Nasu na bolt 115 ne, wutarmu kuwa 230. Ƙwai biyu suka ƙone nan take, na kuma ji ciwon abin domin samun madadinsu a nan ba wasa ba ne. Ba a taɓa gilashin ƙwan da yatsa, maiƙon hannu yana sa shi ya kumbura ya fashe. Lokacin hunturu kuma ƙura tana kwanciya kan madubi da gilashi, sai ka ga fitila ta dushe kana zargin wuta, alhali tsumma mai laushi kawai take bukata.

Abin da ya fi damuna shi ne launi. Yawancin shawarwarin da na karanta an rubuta su ne da farar fata a zuci. Shuɗi mai haske da ake yabo yakan mayar da fuskar ɗan wasanmu kamar an shafa mata toka. Ruwan zuma daga gefe ɗaya, da shunayya mai sauƙi daga ɗaya gefen, su ne na ga suna fito da goshi da kumatu da ƙwayar ido. Shi ya sa ba na yarda a saita fitila kan dandamali babu kowa. Sai na roƙi ɗaya daga cikin 'yan wasa ya zo da kayan da zai sa ranar wasa, ya tsaya inda zai tsaya, sannan in hau tsani.