Maɓallin VSC OFF: na kashe shi wata guda, ga inda ya yi amfani da inda ya so ya ja min

Sana'ata wayarin ɗin mota ce da sa mata kwamfuta, kuma da wuya mako ya wuce wani bai nuna min maɓallin nan mai hoton mota da layi biyu a karkace a ƙarƙashinta ba, ya ce, "Oga, wannan a kashe ko a bari?" Yawanci wani ne ya gaya masa abin yana rage wa mota ƙarfi, ko yana shan mai. Don in daina amsawa da ji-ta-ji-ta, a daminar da ta wuce na ɗauki wata guda ina kashe shi kullum a Corolla ta 2012 da nake hawa, ina lura da abin da ya canza.

Sunan ya danganta da kamfani. Toyota da Lexus suna ce masa VSC, Honda VSA, Mercedes da Volkswagen ESP, BMW DSC, Hyundai da Kia ESC ko ESP. Aikin na'urar ɗaya ne: hana mota zamewa ta ƙwace wa direba. Akwai sensa a kowace taya mai ƙirga saurin juyawarta, wato dai sensar ABS, na'urar nan mai hana taya kullewa in an taka birki da ƙarfi. Akwai wata a jikin sandar sitiyari mai faɗin inda direba ya nufa, da wata a tsakiyar mota mai jin yadda jikin motar yake juyawa da yadda take rinjaya gefe. Kwamfutar tana gwada inda ka murɗa sitiyari da inda motar take tafiya a zahiri, kamfanin Bosch ya ce sau 25 a daƙiƙa ɗaya. Muddin biyun sun yi daidai, ba ta taɓa komai. Da zarar sun saɓa, sai ta rage wa inji ƙarfi, ta kama birkin taya ɗaya tak ta hanyar famfon ABS.

Wannan kama taya ɗayan shi ne duk sirrin. Wanda ya taɓa ganin kurar ɗan ga-ruwa ta ci karo da dutse da taya ɗaya ya san nan take kurar take karkatawa ta wannan ɓangaren. Haka na'urar take yi da gangan. Idan bayan mota ya zame a kwana yana neman ya wuce gaba, sai ta kama tayar gaba ta waje, motar ta miƙe. Idan kuma gaban ne ya ƙi bin sitiyari ya nufi waje, sai ta kama tayar baya ta ciki, ta jawo hancin motar cikin kwanar. Direba kuwa, ko shekara arba'in ya yi yana riƙe da sitiyari, birki ɗaya ne a ƙarƙashin ƙafarsa, kuma tayoyi huɗu yake kamawa lokaci guda.

A Toyota irin tawa maɓallin mataki biyu ne, kuma mutane da yawa ba su san haka ba. Dannawa ɗaya tana kashe TRAC kaɗai, wato mai hana taya juyawa a banza lokacin tashi. Idan mota tana tsaye ka danna ka riƙe kimanin daƙiƙa uku, sai TRAC da VSC su mutu gaba ɗaya, fitilar VSC OFF ta kama a dashbod. Ka kashe mota ka sake tayarwa, duk su dawo da kansu. A Honda ana riƙe maɓallin VSA ne har a ji ƙara, shi ma yana dawowa a kowane tashi. ABS ba ya mutuwa a duka biyun.

Makonni biyu na farko babu abin da na gani. Daga Hotoro zuwa Kabuga, cunkoson titin Murtala Muhammad, tsayawa da tashi a tsakanin 'yan Adaidaita Sahu, mota tana tafiya yadda ta saba. Man da nake sha bai ragu ba, kuma babu dalilin da zai sa ya ragu, tunda na'urar ba ta riƙe inji sai taya ta zame. Batun cin birki ma haka: abin da yake aiki na rabin daƙiƙa sau ɗaya a wata ba shi ke cinye maka birki ba. Abu ɗaya da na lura da shi shi ne wurin fitowa daga layi zuwa babban titi, inda yashi yake taruwa a bakin kwalta. Da na'urar a kunne, in ka taka totur da ƙarfi a kan yashin nan, sai ka ji motar ta ɗan yi sanyi na ɗan lokaci, fitila tana ƙiftawa. Wannan ne mutane suke kira rage ƙarfi. Da na kashe, sanyin ya tafi, amma tayar gaba ta riƙa juyawa tana watsa yashi, motar kuma ba ta fita da sauri fiye da da ba. Ƙara ce kawai ta ƙaru. Maganin wurin shi ne ka sassauta ƙafa har tayoyin gaba su hau kwalta mai tsabta, sannan ka taka.

Bambancin ya fito ne ranar da aka yi yayyafi bayan kwanaki babu ruwa. Irin wannan ruwan ya fi mamako haɗari, domin bai isa ya wanke titi ba, sai dai ya kwaɓa ƙura da baƙin mai da gas ɗin da manyan motoci suka ɗiga, kwalta ta koma kamar an shafa sabulu. Ina saukowa daga gadar sama ta Dangi, gudun bai kai kilomita 60 ba, mai babur ya yanko gabana. Na kauce hagu, na dawo dama, a dawowar nan bayan motar ya tafi. Na samu na tare ta da sitiyari saboda gudun kaɗan ne kuma gefen babu kowa. Washegari, da aka sake ruwa, na je wani fili da babu mutane na maimaita wannan kaucewar sau da yawa a gudun 40, a kunne da a kashe. A kunne, sai ka ji gurnanin famfon ABS, ka ji kamar an fizgo kusurwa ɗaya ta motar, ta dawo layi kafin hannunka ya gama tunanin gyarawa. A kashe, kai kaɗai ne da ita.

Kaucewa sau biyu a jere ita ce take kayar da mota a hanyar Zariya ko ta Wudil: ka kauce wa rami ko akuya, ka dawo hannunka, nauyin mota ya koma ɓangare ɗaya da ƙarfi, sai a ce mota ta ƙwace masa. A gudun kilomita 100 mota tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Motoci masu tsayi irin Highlander, Sienna da Hilux sun fi shiga wannan hali, domin da zarar sun juya gefe tayarsu ta faɗa bakin kwalta, adungure ne. Irin wannan gwajin kaucewa ne ya kifar da Mercedes A-Class a Suwidin a 1997, kamfanin ya koma ya sa wa motar ESP, shekara biyu bayan shi da Bosch sun fara fitar da na'urar a 1995. Amurka ta wajabta ta a kan sababbin ƙananan motoci daga ƙirar 2012, Tarayyar Turai kuma daga Nuwamban 2014. Binciken cibiyar IIHS ta kamfanonin inshora a Amurka ya nuna tana rage haɗarin da mota take yi ita kaɗai har a rasa rai da kusan rabi. Bayan ranar gadar nan ban cika watan da zuciya ɗaya ba.

Inda kashewa take da amfani wuri ɗaya ne, kuma a Kano muna da shi da yawa: mota ta kafe. Layukan unguwanni da ba a yi wa kwalta ba a watan Agusta, ko yashin rafi a hanyar ƙauye. A nan taya tana buƙatar ta ɗan juya ta tono ƙasa mai ƙarfi, TRAC kuma yana yanke mata ƙarfi da ta fara, sai ka taka totur motar ta yi shiru. Abin da nake yi: in tsaya, in miƙe sitiyari, in danna maɓallin sau ɗaya. Sai in sa giyar gaba in taka a hankali, in mota ta motsa taku ɗaya ta tsaya, in taka birki ta tsaya cak, in sa ribas, in dawo. Wannan lilon yana tsawaita ramin har ta fita. Kada ka jefa giya daga D zuwa R taya tana juyawa, kuma kada ka daɗe kana murza tayar, giyabos ɗin otomatik yana zafi nan da nan, tayar kuma sai ƙara nutsewa take yi. A yashi, rage iskar tayoyi zuwa kamar 20 yana taimakawa, amma ka tsaya wurin mai faci na farko ka mayar. Idan dannawa ɗaya bai isa ba, sai ka riƙe na daƙiƙa uku. Da ka hau tudu, ka mayar da shi kafin ka shiga titi.

Abin da ya fi damuna a garejin ma ba masu danna maɓalli ba ne. Motoci da yawa a garin nan suna yawo na'urar a mace, mai motar bai sani ba. Fitilar nan mai hoton mota mai zamewa in tana ƙiftawa, na'urar aiki take yi. In ta kama ta zauna, na'urar ta ajiye aiki. A Toyota, duk abin da ya kunna fitilar inji, ko da sensar hayaƙi ce ko murfin tanki da bai rufu ba, yana iya kashe VSC tare, kwamfuta ta nuna lambar matsala C1201. Mutum ya saba da fitilar inji shekara biyu, bai san ta tafi da VSC ba. Sauran dalilan da na fi gani: wayar sensar taya da aka tsinka ko aka bari tana lilo lokacin canza boris ko shokozoba, hob ɗin taya da aka sayo a kasuwar Ƙofar Ruwa wanda bai dace da motar ba ko babu zoben ABS a jikinsa, makunnin fitilar birki da ya lalace, batir mai rauni, da man birki da ya yi ƙasa. Bayan alaimen ko sauya kayan sitiyari kuma wasu motocin suna buƙatar a saita musu tsakiyar sitiyari da sensar juyawa da kwamfuta, mota tana tsaye a wuri mai daidai. In ba a yi ba, sai ka ga tana kama birki da kanta a kwana mai sauƙi, mai ita ya ce abin banza ne, ya koma kashewa kullum. Gyaran bai fi minti goma ba.

Taya ma tana rikita ta. Corolla mai taya lamba 205/55 R16, in aka sa mata 205/60 R16 guda ɗaya saboda ita aka samu a Beljiyam, tsayin tayar ya ƙaru da kusan milimita 20, wato tana juyawa a hankali da kusan kashi uku cikin ɗari. Kwamfuta tana iya ɗaukar wannan a matsayin zamewa. Haka iskar 50 da wasu masu faci suke dannawa, alhali takardar da ke jikin ƙofar direba ta ce 32 ko kusa da haka: tayar sai ta tsaya a kan tsakiyarta, riƙon ƙasa ya ragu. Na'urar ba ta ƙirƙiro riƙo, da wanda taya take da shi take aiki. Tayar da zanenta ya shafe in ta hau ruwan da ya kwanta a kwalta da gudu, babu birkin da zai kama komai. Sababbin tayoyi biyu in ka saya, a baya ake sa su, ko da motar da gaba take ja.

Mai sayen mota kuma, musamman ta hannu, ya murɗa makulli zuwa ON ba tare da ya tayar ba, ya zuba wa dashbod ido. Fitilar ABS da ta motar nan mai zamewa dole su kama na 'yan daƙiƙoƙi sannan su mutu. Na sha buɗe dashbod in tarar an cire ƙwan fitilar ko an liƙe ta da baƙin salatif daga ciki. Wadda ba ta kama ba ko kaɗan a lokacin gwajin, a sa wa motar kwamfuta a karanta sashen ABS kafin a yi maganar kuɗi.