Asabar: Ranar Awon Tebura

Tun ƙarfe bakwai na safe muna shago, ni da Yaya da autarmu, ga alli, ga tef ɗin awo, ga kwalayen da muka roƙo a wurin mai sayar da firiji na maƙwabta. An gama fenti tun Laraba, warinsa ma bai gama fita ba. Abin da ya rage kafin in buɗe gidan abincina na Unguwar Rimi a Kaduna shi ne tebura da kujeru, kuma a kansu muka kwana uku muna ja-in-ja da Yaya.

Shagon tsawonsa ƙafa 24 ne, faɗinsa ƙafa 16. Kanta da wurin jera kuloli sun cinye ƙafa 6 daga ciki, saura 18. Lissafin Yaya shi ne a yi dogayen tebura shida masu ƙafa 6, uku a wannan bango, uku a wancan, kowanne ya ɗauki mutum shida. Mutum 36 ke nan, a bar hanya ƙafa 4 a tsakiya. A takarda ba ka da abin cewa. Yaya malamin lissafi ne a sakandare, ba a kayar da shi a wannan fannin, shi ya sa yau ban yi masa musu da baki ba. Na ce, "Yaya, gani ya kori ji. Mu shimfiɗa mu gani."

Muka yanka kwali daidai girman teburin nasa, muka ɗora a kan bokitan fenti, muka aro kujerun roba daga gidan maƙwabta muka jera. Na sa Yaya ya zauna can jikin bango, ni da auta muka zauna a gefensa, yaron mai firiji ya zauna a bayansa kamar mai cin abinci a teburi na gaba. Sai na ce masa, "To, ka ƙoshi, an kira sallah. Tashi ka fita." Ya ja kujera baya, ta bugi ta yaron. Ya karkata, babbar rigarsa ta maƙale a kusurwar kwali. Sai da ni da auta muka miƙe muka fito hanya kafin ya samu ya wuce. Auta ta ɗauko tire da kwano cike da ruwa a matsayin miya, ta ce za ta miƙa wa na jikin bango. Hannunta bai kai ba, sai da ta ranƙwafa a kan kafaɗata, ruwan ya zubo mini a mayafi. Da miyar agushi ce mai manja, da yau an yi ta.

Yaya ya yi shiru yana shafa gemu, can ya ce, "Amma dai mutum 36 ne fa."

A nan na faɗa masa abin da ya fi damuna. Shekara huɗu ina sayar da abinci a rumfa a bakin titi, na san yadda mutanenmu ke zama. Da rana yawanci mutum ɗaya ne ko biyu: ma'aikacin ofis, direba, 'yan makaranta. In namiji guda ya zauna a teburin mutum shida, mata biyu suka leƙo, ba za su zauna kusa da shi ba. Ko su ce a ƙulla musu su tafi, ko su juya gaba ɗaya. Ga shi a ido kujeru biyar babu kowa, amma teburin ya cika. Da azahar ɗin da Yaya ke hango mutum 36, in an samu goma sha biyar a zaune an gode Allah.

Muka goge allin muka sake zane. Bangon hagu tebura uku na mutum huɗu, bangon dama uku na mutum biyu, tsakiya kuma biyu na mutum biyu, don a bar wa bakin ƙofa sarari. Kujeru 22. Hanya biyu, kowacce ƙafa uku da rabi, auta ta bi da tire ta dawo ba ta taɓa kowa ba.

Bayan azahar muka hau napep zuwa Panteka, kasuwar kafintoci da masu walda. Wanda bai taɓa shiga tsohuwar Panteka ba, can kusa da kwalejin Kaduna Poly, ba zai gane irin ƙarar da nake nufi ba: injin zarto nan, guduma can, masu walda na ta feshin wuta, garin katako na shiga hanci. Kafintan da aka haɗa ni da shi dattijo ne, fensir a bayan kunne. Na miƙa masa takardata ya duba, ya ce, "Hajiya, ƙananan nan me zai hana mu yi su ƙafa biyu-biyu? Filawud ɗaya ƙafa 4 ne da 8, zai ba mu saman tebur takwas cif, ko ɓarɓashi ba za a zubar ba." Idon Yaya ya yi haske, ya ji araha.

Allah ya sa na zo da shirina. Na buɗe jaka na fito da kayan da zan riƙa zuba abinci a ciki. Malam kafinta ya zana ƙafa biyu-biyu a kan wani allo, na jera: farantin tuwo biyu, kwanon miya biyu, kofi biyu, robar wanke hannu, kwalbar zoɓo. Robar wanke hannun rabinta a waje take. Ba a ma zo maganar farfesu ba, ko waya da makullin mota da kowa ke ajiyewa a gabansa. Teburin ƙafa biyu na masu shan shayi da biskit ne. Mai cin tuwo da hannu yana buƙatar wurin da zai motsa gwiwar hannu. Malam ya yi dariya ya ce, "Hajiya ta zo da shaidunta." Muka tsaya a kan ƙafa biyu da rabi ta kowane gefe, manyan kuma ƙafa 4 da biyu da rabi, kowane mutum ya samu ƙafa biyu na kansa.

Na tambaye shi teburi mai zagaye, don ina sha'awarsa. Ya ce yana da kyau a falo, amma yana ɓarnar katako, ba ya manne wa bango, kuma ba a haɗa biyu su zama ɗaya. Wannan na ƙarshen ya kashe maganar. Duk teburana faɗinsu ɗaya ne, tsayinsu daga ƙasa ɗaya, inci 30. In iyali suka zo ko 'yan ofis guda, a jawo ƙarami a haɗa da babba, an samu ƙafa shida da rabi, teburin Yaya ya dawo har da gyara. Na kalle shi, ya kau da kai. Kujera kuma inci 18, a bar inci 12 tsakaninta da saman tebur. Malam ya ƙara da cewa katakon da ke riƙe ƙafafu ta ƙarƙashi kada ya wuce inci 3, in ya yi faɗi masu jiki cinyarsu ba za ta shige ba. Ban taɓa tunanin wannan ba.

Filawud dai na ƙi shi. Teburin da za a riƙa gogewa da jiƙaƙƙen tsumma sau hamsin a rana, bakinsa kumbura zai yi ya fara ɓarewa. Madaci nake so, jan nan mai nauyi. Da aka faɗi kuɗinsa sai da na nemi benci na zauna. Malaina ta fi araha, ba ta da nauyi, sai muka raba: saman tebur madaci, ƙafafu da kujeru malaina. Katako ɗaya mai ƙafa 12, in bakinsa bai tsage ba, a yanka shi uku a haɗa, ya ba da saman babban tebur guda. Ƙananan biyar za su ci katako huɗu. Bakwai ke nan.

Wurin zaɓen katako muka fi daɗewa. Damina ba ta jima da ɗaukewa ba, kuma ban manta da teburin Mama ba, wanda wani kafinta ya yi mata da ɗanyen katako. Hunturun farko ya buɗe ta tsakiya, har cokali na faɗawa ta tsagar. Malam yana ɗaga kowanne ya ji nauyinsa, ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ya dafa shi da tafin hannu. Ya ce ɗanye nauyi gare shi da sanyi, kuma ƙararsa ba ta fita. Sannan ya ɗaga bakin katakon zuwa idonsa ya hango tsawonsa ko ya lanƙwashe. Biyar ya mayar kafin mu cika bakwai, mai katakon sai harararsa yake.

Na ba da kafin alƙalami, ya ce mako uku. Na ce, "Malam, mako ukun kafinta ko na kalanda?" Ya ce in sha Allahu na kalanda.

Mun iso gida dab da magariba, mayafina duk garin katako. Yanzu Yaya ya turo saƙo wai ya sake lissafi, in aka matsar da kanta baya ƙafa ɗaya ƙila ƙaramin tebur guda ya ƙara shiga tsakiya. Ban ba shi amsa ba. Kwalayen na nan a shago, gobe bayan la'asar sai mu shimfiɗa.